Motar Tsoho Ta Ƙi Tashi

Tun daga bakin ƙofar caji ofis Sufeto ya san an yi babban baƙo, don turaren ya cika har waje.

Baƙon yana tsaye gaban kanta cikin kwat da laktaye, a wannan zafin, yana buga yatsa a kan katako. Babban ɗa ne ga tsohon nan mai kamfanin kujeru da aka binne jiya. A gida Yaya ake ce masa. A waje ya fi son a ce Darakta, kuma duk wanda ya manta yakan tuna masa.

"Kai aka ba wa binciken?" ya tambayi Sufeto. Rabin maganarsa Turanci ce, sauran rabin kuma tana fitowa kamar dole aka yi masa.

"Ni ne. Allah ya jiƙan mahaifinka. Me ya faru?"

"Direba ya kashe shi."

"Da me?"

"Da iskanci. Baba yana da ciwon zuciya, kowa ya sani. Jiya da safe ya yanke jiki ya faɗi. Aka ɗauke shi aka sa a mota, wai mota ta ƙi tashi. Kafin a samo motar maƙwabta rai ya yi halinsa. Ni ina wajen wani muhimmin taro. Da na dawo, a gaban jama'a na murza makulli sau ɗaya, ta tashi kamar sabuwa."

"Me direban zai samu in ya bar ubangidansa ya mutu?"

"Wannan aikinka ne, ba nawa ba. Irin mutanen nan ba sa buƙatar dalili."

Shugaban ofis ya leƙo daga ɗakinsa. Tun jiya katin Darakta mai ruwan zinare yake leƙe daga aljihun gaban rigarsa.

"Sufeto, magana a fili take. Gobe da safe a kai direban kotu."

"Yallaɓai, ko motar ban gani ba."

"To je ka gan ta. Gobe da safe dai."

Yadda Sufeto ya rufe ƙofa sai da kalandar bango ta karkace.

Direban yana zaune a ƙasan sel, dattijo ne mai furfura a gemu, idonsa ya yi ja. Bai miƙe ba da Sufeto ya shigo.

"Tashi ka yi min bayani."

"In tashi in ce me? Tun yaron nan yana yawo ba wando nake tuƙa ubansa. Ni na riƙa kai shi makarantar da ya koyo Turancin da ya zage ni da shi. Jiya ana wanka ana sutura ni ina nan ina jin warin fitsarin ɓarayi."

"Na ji. Motar nake tambaya. Batir ne?"

"Wane batir? Kik yana juyawa da ƙarfinsa, inji yana ta gurnani, amma ba ta kamawa. Ka murza har hannunka ya gaji."

"Jiya ta fara?"

"Ta daɗe tana yi. Ta yi sati biyu lafiya lau, ran nan kawai ta ƙi. Ba ruwanta da sanyi, ba ruwanta da zafi, tanki a cike. In lafiyarta ƙalau, da ka murza makulli kafin ka yi kik za ka ji famfon mai ya ɗan yi ƙara daga baya. Ran da za ta ƙi, shiru."

"Ka taɓa buɗe bonet ka duba?"

"An hana ni. Darakta ya ce motar zamani ce, ba ta jahilai ba, in na taɓa waya ɗaya a bakin aikina. Sai dai a jira bakanikensa, wai shi Injiniya."

"In Injiniyan ya zo fa?"

"Sai ta tashi. Kamar tana jin tsoronsa."

"Jiya kafin tsoho ya faɗi, fita zai yi?"

"Yana sa takalmi ne."

"Ina za shi?"

Direba ya kalli bango.

"Ban sani ba."

"Direba bai san inda zai kai ubangidansa ba?"

"Na ce ban sani ba."

Sufeto ya so ya kwaɗa masa mari, ba don ƙaryar ba, don mutum ne yake ƙoƙarin ciro shi daga rami shi kuma yana ƙara tona wa kansa. Ya fita, ya kira Kofur, suka nufi gidan.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu ta'aziyya suna zaune. Motar tana cikin rumfa a tsakar gida, baƙa, an wanke ta tas. Matar marigayin, wadda kowa ke ce wa Umma, ta sa aka kawo makullin direba, wanda aka karɓe lokacin da aka kama shi. Autarta ce ta kawo, budurwa mai kumburarrun idanu, ta miƙa shi kamar za ta jefe su da shi.

Sufeto ya shiga ya murza rabi. Ƙarar famfo ta zo daga baya, siririya. Ya ƙarasa murzawa, mota ta tashi. Ya kashe, ya sake. Ta tashi. Ya sake. Ta tashi.

Kofur ya tsaya a gaban motar yana gyaɗa kai irin na masana, duk da ko keke bai iya gyarawa ba. Sufeto ya danna hon don ya matsa. Ba abin da ya fito. Ya sake dannawa da tafin hannu. Shiru.

"Ya mutu tun bara," in ji Umma daga bakin ƙofar falo. "Injiniya ya duba, ya ce sai an sayo wani abu. Yayansu ya ce a bari, wai mai hankali ba ya hon."

"Makullin motar nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya wajen direba, ɗaya wajen Yayansu."

"Ku dai kun kulle bawan Allah," Auta ta ce. "Mutumin da ya rungume kan Baba har asibiti. Ba ku da aiki sai kama wanda ba shi da kwat."

"Ke, yi shiru," in ji Umma.

"Ba zan yi ba. Tun jiya ake ce min in yi shiru."

Sufeto ya bar su, ya tsallaka gidan da aka aro mota. Matar gidan ce ta buɗe, mace mai jiki da murya, irin wadda ba a yi mata tambaya biyu.

"Wa ya zo ya kira ku jiya?"

"Ba wanda ya zo. Ina shanya na ji hon. Ba irin na a buɗe ƙofa ba, irin na wanda ya kwanta a kansa ya ƙi ɗagawa. Na ce wa maigidan, tashi, ba lafiya ba. Da ba don hon ɗin nan ba ma da ba mu sani ba."

"Hon ɗin wace mota?"

"Ta tsoho mana. Mota nawa ce a gidan?"

"Hajiya, hon ɗin motar nan ya mutu tun bara."

"To jiya ya tashi daga kabari. Malam, kunnena ba na aro ba ne. Na shiga na tarar da direba hannu ɗaya a makulli, ɗaya a sitiyari, yana kuka yana dannawa."

A hanya Kofur ya ce, "Yallaɓai, ko dai matar nan ta ruɗe ne?"

"Ka gan ta da kamar mai ruɗewa?"

Garejin Injiniya ba gareji ba ne, a cewar allon da ke samansa. Cibiyar Binciken Lafiyar Motoci ce. A ciki dai ƙasa ce da baƙin mai da tsofaffin tayoyi, kamar kowane gareji. Injiniya ya fito cikin farar riga irin ta likitoci, rungume da kwamfuta. Rigar ba ta da ɗigon mai ko ɗaya, abin da ya kamata ya tsorata duk mai mota.

"Motar marigayi? Ai lamari ne mai sarƙaƙiya. Irin wannan matsala mu a fanninmu muna ce mata mai zuwa da tafiya."

"Mu ma a fanninmu haka muke ce wa ɓarawo. Me ka gano?"

"Ka ga, inji ba ya tashi sai abu uku sun haɗu: wuta, mai, da iska. Na fara da wuta, na canja fulogi. Ta sake yi, na canja koyil. Direba ya ce ba ya jin famfo, na canja famfon mai. Daga baya na canja sensa."

"Kwamfutar me ta ce?"

"Ta ce ba matsala."

"Shi ya sa ka canja rabin inji."

"Ƙa'idar aiki ce."

"Sau nawa ka same ta a mace, ka murza da hannunka ta ƙi?"

Injiniya ya gyara zaman kwamfutar a ƙirjinsa.

"A gaskiya, in na zo takan tashi."

"Wa yake kiranka?"

"Darakta. Ya ce kada in zo sai ya dawo daga ofis da yamma, don yana son ya sa ido a kan aikin."

"Hon ɗinta fa?"

"Ban taɓa duba hon ɗinta ba."

"Matar marigayi ta ce ka duba bara."

"Tsohuwa ce, tana cikin jimami."

"Jiya da motar ta ƙi tashi hon ɗin ya yi kuka, har maƙwabta suka ji. Yau motar tana tashi, hon ɗin ya mutu. Yi min bayani a fanninku."

Sufeto ya ga lokacin da abin ya shiga kan Injiniya. Bakinsa ya buɗe, ya ajiye kwamfutar a kan taya, ya zauna a kan wani bokiti ba tare da ya duba ko da mai a kai ba.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba hannuna."

"Ban ce da hannunka ba. Bakinka nake so."

Injiniya ya jawo wani ɗan baƙin abu daga cikin tarkace, mai kusurwa huɗu, bai kai kwalin ashana ba, da ƙafafun ƙarfe a gindinsa.

"Rile ke nan. Shi yake sakin wuta. A akwatin fis na motar nan akwai irinsa biyu a jere, iri ɗaya sak. Ɗaya na hon, ɗaya na famfon mai. In muna zargin ɗaya ya mutu ba ma sayo sabo, musanya su muke yi mu gani. Bara da na duba hon, na ciro na famfo na sa a ramin hon, hon ya yi kuka. Na ce, to rile ne ya mutu. Mataccen kuma yana ramin famfo, sai na ce bari in nuna abin mamaki. Na murza makulli, ta yi ta juyawa ta ƙi kamawa. Na mayar da kowanne wurinsa, ta tashi."

"Wa ka nuna wa abin mamakin?"

"Darakta."

"Direba yana wurin?"

"An aike shi."

"Darakta me ya ce?"

"Ya yi dariya. Ya ce in sake yi ya gani. Na ce a kawo sabon rile, ya ce a bari."

"Kai kuma wata da watanni kana kwance injin mutane, bai taɓa faɗo maka ka buɗe akwatin fis ba."

"Kwamfuta ba ta nuna ba."

Sufeto ya juya ya fita kafin ya yi abin da za a rubuta shi a kai.

Ya koma sel kai tsaye, bai ko cire hula ba.

"Jiya ka danna hon?"

Direba ya dubi hannunsa. "Na danna. Na danna kuwa. Hannuna ne ya je da kansa." Ya ɗago kai. "Kuma ya yi ƙara. Ta yaya ya yi ƙara?"

"Wannan tawa ce. Taka ita ce: ina tsoho za shi? In ka sake ce min ba ka sani ba, gobe da hannuna zan saka ka a motar kotu, kuma zan yi barcina."

"Kamfani za shi."

"Sauran ranakun da motar ta ƙi fa?"

Direba ya fara lissafi a ransa, fuskarsa tana canjawa.

"Asibiti ba ta taɓa ƙi ba. Gidan ƙanwarsa ba ta taɓa ƙi ba. Ɗaurin aure, jana'iza, duk tana zuwa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kamfani ne. Duk ran da ya ce a wajen cin abinci gobe zai leƙa kamfani, wayewar gari sai ta ƙi."

"Bai taɓa cewa a samo motar haya ba?"

"Shi? Ya ce ba zai sauka a ƙofar kamfanin da ya gina da hannunsa daga motar haya ba, ma'aikata suna kallo. Darakta kuma ya ce masa, Baba huta, in an gyara ni zan kai ka."

"Me ya sa ka ɓoye min?"

"Don na san abin da ke can. Na taɓa wucewa na ga manyan motoci suna lodi. Na tambayi Darakta, ya ce in na buɗe baki zuciyar Baba za ta buga, kuma ni na kashe shi. Na yi shiru. Duk ran da motar ta ƙi, har hamdala nake yi a raina." Ya dafe kansa. "Hamdala nake yi, Sufeto."

Kamfanin kujeru yana can bayan gari. An yi wa ƙofar sabon fenti, an kafa sabon allo mai suna da Turanci wanda ya fi ƙofar tsawo. Mai gadi ya tare su.

"Ba a shiga sai da izinin Darakta."

"Ga izini," in ji Sufeto, ya nuna masa kafaɗarsa.

Ciki fili ne fetal. A kan siminti ana ganin shatin inda kowane inji ya zauna, da ƙusoshin da aka yanke. Wani akurki ne kawai a kusurwa, na kajin mai gadi.

"Ina injinan?"

"An kai gyara."

"Dukkansu? Har da ma'aikatan aka kai gyara?"

Mai gadi ya sosa ƙeya. "Ni dai haka aka ce in riƙa faɗa. An sayar, ranka ya daɗe. Na yanka katako aka fara ɗauka, na goge ya bi baya. Ma'aikata aka sallame su kaɗan-kaɗan. Wai za a mayar da wurin cibiyar kasuwanci ta zamani, Turawa za su zuba jari."

"Sun zo?"

"Ni dai ban ga Bature ba. Kaji nake gani."

Ofishin Darakta ne kaɗai ya rage da rai a wurin: kujera mai juyawa, na'urar sanyaya ɗaki, da babban hotonsa a bango yana riƙe da waya a kunne, yana duban nesa.

La'asar ta yi lokacin da suka koma gidan. Darakta yana zaune a kujera a tsakiyar masu tabarma, yana karɓar gaisuwa da yatsu biyu. Sufeto ya ce a kira maƙwabciya, a kira Umma da Auta, sannan ya ce da Darakta, "Zo ka taya ni duba mota."

"Yanzu? Ba ka ga ina da baƙi ba?"

"Su ma su zo."

Sufeto ya ja marfin bonet, ya buɗe akwatin fis. Ƙura ta lulluɓe komai a ciki, ban da rile biyu da ke jere. Bayansu ya yi sumul saboda yawan kamu. Ya zare su, ya musanya, ya rufe. Bai ɗauki lokacin da mutum zai ɗaura agogo ba.

"Tayar da ita."

Darakta ya tsaya.

"Ai kai ne gwanin murzawa sau ɗaya. Bismillah."

Ya shiga, ya murza. Inji ya yi ta gurnani, ya ƙi kamawa. Umma ta toshe kunnuwanta, don ƙarar jiya ce sak.

"Auta, miƙa hannu ki danna hon."

Ta zura hannu ta taga, ta gaban hancin yayanta, ta danna. Ƙarar ta cika gidan. Masu tabarma suka zabura.

"Shi ne," in ji maƙwabciya. "Ai na ce kunnena ba na aro ba ne."

Sufeto ya yi bayanin rile a taƙaice, yadda kowa zai gane: in mataccen yana wajen hon, mota tana tashi ba hon, in yana wajen famfo, ga hon ba mota.

Darakta ya fito yana gyara laktaye. "Madalla. Ka tabbatar da maganata. Direba ne yake musanyawa."

"Direba bai san da wannan ba, an aike shi ran da Injiniya ya koya maka. Amma bar wannan. Jiya da safe mataccen yana wajen famfo. Da rana ka murza ta tashi. Ke nan a tsakani wani ya mayar. Direba ya bi gawa asibiti, ya dawo da ita, yana zaune a gefenta har 'yan sandan da ka kira suka ɗauke shi. Wa ya mayar?"

"Gidan cike yake da mutane."

"Mutanen suna da makulli?"

"Ka san da wa kake magana? Zan kira shugabanka yanzu."

"Kira shi. Ka ce masa ya same mu a kamfani, akwai wurin zama da yawa."

Hannun Darakta ya tsaya a bakin aljihu.

"Ni na gan ka," in ji Auta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ina tsaye a tagar ɗakin da Baba yake kwance. Ka shigo gida, ba ka tambayi inda yake ba. Rumfa ka nufa. Ka buɗe bonet, ka sunkuya, ka rufe, sannan ka kira mutane su zo su ga ƙaryar direba. Sai bayan nan ka shigo ka yi kukanka."

"Ke yarinya ce, ba ki san abin da kika gani ba."

"Ni ma na gani," in ji Umma.

Kowa ya juya.

"Na ce wa raina, ɗana ne, yana duba abin da ya kashe ubansa. Tun jiya nake faɗa wa raina haka." Ta matso har gabansa. "Me ke kamfani da ba ka so ya gani?"

"Umma, ba za ki gane harkar ba."

"Me ke kamfani?"

"Ba komai," in ji Sufeto. "Ba komai a ciki, Hajiya. Ya sayar."

Darakta ya jingina da motar. Da ya sake magana, Turancin duk ya gudu, sai Hausar da aka haife shi da ita.

"Lokaci kawai nake nema. Masu zuba jarin sun ce sun kusa. Da sun zo zan kai shi da kaina, ya ga abin da ya fi kujeru. In ya je ya tarar da wurin haka, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Don shi nake yi. Da safe in musanya kafin in fita, da yamma in mayar. Ba wanda ya taɓa cutuwa. Ina zan san ranar zai faɗi?"

"Ka san yana da ciwon zuciya," in ji Sufeto. "Ka san motar ɗaya ce a gidan. Ka kashe ta ka sa makulli a aljihu ka tafi taro. Wannan ma bar shi, kotu za ta auna. Amma da ka dawo ka ga abin da ka yi, sai ka duba duk gidan nan ka zaɓi wanda ya fi kowa rauni ka ɗora masa. Wannan ba tsautsayi ba ne. Zama ka yi ka shirya."

"Da me zan ce wa mutane?"

Kofur ya ciro ankwa.

"Haba, Sufeto. Ba a gaban jama'a ba. Ka dubi matsayina."

"Direba a gaban wa aka sa masa?"

Ankwa ta shiga. Darakta ya juya wajen uwarsa.

"Umma, ki ce wani abu."

Ta kau da kai, ta ce da Auta, "Shiga da ni ciki."

Aka wuce da shi ta tsakanin tabarmi. Masu ta'aziyya suka janye ƙafafunsu don ya samu hanya. A bakin motar 'yan sanda ya nufi ƙofar gaba, Kofur ya juya shi baya.

A ofis, shugaban ya saurari bayani yana gyaɗa kai, ya ce shi dama tun farko jikinsa bai ba shi ba. Sufeto ya ce, "Haka ne, yallaɓai," ya karɓi makullin sel.

Direba ya fito yana ɗingishi saboda zaman siminti. Aka ba shi hularsa da takalminsa. Sufeto ya faɗa masa komai a tsaye, bai rage ba. Direba ya saurara har ƙarshe, bai ce Allah ya isa ba, bai ce ya yafe ba.

"A ina aka sa shi?"

"Maƙabartar bayan gari. Auta ta ce daga ƙofa ka bi hannun dama, wajen katanga. Sabon ne, ba za ka ɓata ba. Shiga mota in kai ka, da nisa."

Direba ya kalli motar da ke bakin ofis, ya gyara zaman hularsa.

"Bar shi, Sufeto. Na bar marigayi yana ta jiran mota. Da ƙafa zan je."